Jirgin Alhaji da na Tsohon Bature

Yayana ne ya kawo maganar jirgi, ba ni ba. Wani fasinja da ya ɗauko a tasinsa ya nuna masa hoton iyalinsa a kan ruwa, shi ke nan abin ya shige masa rai. Ranar wata Asabar ya zo gidana a unguwar Glenwood, ya zauna a kujerata, ya ce mu haɗa hannu mu sayi jirgin ruwa mai inji, ƙarami, na hannu. Ya ce yaranmu sun zama kajin gida. An yi hutun zafi suna kwance suna danne-dannen wasan talabijin, ga tafkuna a bayan gari mutane na ta shan iska da 'ya'yansu.

A kan yaran ya faɗi gaskiya. Nawa biyu ne, mace babba da ƙaninta, nasa huɗu. Gidan da nake haya ƙarami ne, 'yan jami'a sun kewaye mu ta ko'ina, babu filin da yaro zai yi gudu. Na ce na ji, amma da sharaɗi. Duk jirgin da 'ya'yana za su shiga, sai na fara ganinsa a kan ruwa, ba yaro ko ɗaya a ciki. Ya yi dariya ya ce, "To, Sarkin Ruwa, an ji."

Ya san inda sharaɗin ya fito. Mu mutanen Yawuri ne. Ina saurayi muka taso daga kasuwa a tsallaken kogi, ni da mahaifiyarmu da autarmu. Jirgi ya riga ya cika, sai ga wani dattijo da buhunan albasa. Mai jirgi ya kasa ce masa a'a, don abokin ubansa ne. Aka loda. Ruwa ya zo dab da baki, kowa yana gani. Wata mata ta ce a rage kaya, maza suka ce ta rufe baki, ba a yi wa babba haka. Ba mu kai tsakiya ba jirgi ya kife. Ni na fita. Mahaifiyarmu sai washegari aka samu gawarta, autarmu ba a same ta ba. Yayana yana Ikko a lokacin, labari ya ji. Ni kuwa daga ranar ban ƙara taka jirgi ba, sai na sama da ya kawo ni ƙasar Turawan nan.

Muka shiga nema. Ƙarshe jirage biyu suka rage mana, waɗanda in ka hango su daga nesa sai ka ce tagwaye ne. Kamfani ɗaya ya ƙera su, tsawonsu ɗaya, fari da fari, kowanne da injinsa rataye a baya, kowanne a kan 'yar tirelar da mota ke ja. Farashinsu ma ba wani bambanci. Ɗaya yana da shuɗin layi a gefe, ɗaya ja.

Mai shuɗin layin na wani tsohon Bature ne a wani ƙauye da ake kira McLeansville. A bakin hanya muka gan shi, an kafa masa allo, bayan gidan kuma gona ce da tsofaffin ƙarafa. Jirgin bai da kyan gani. Rana ta cinye fentin, kujera ɗaya ta yage an liƙe ta da baƙin salatif, ciki yana ƙarnin kifi. Yayana ya toshe hanci. Tsohon ya fito yana ɗingishi, ya ce gwiwarsa ce ta hana shi zuwa kamun kifi, shi ya sa zai sayar. Turancina na wurin aiki ne, ɗauko wannan, ajiye can, don haka yayana ne ke fassara. Na ce ya tambaye shi ko zai yarda a kai jirgin ruwa. Kafin yayana ya gama jan tambayar da neman afuwa, tsohon ya juya ya tafi ɗauko makullin a-kori-kurarsa.

Da muka isa tafki, a gangaren simintin da ake saukar da jirage na tsaya na kasa ɗaga ƙafa. Tsohon ya miƙo mini rigar ruwa, irin wadda ke hana mutum nutsewa, ya ja igiyoyin da kansa har sai da na ji numfashina ya matse. Bai tambaye ni komai ba. Na shiga na zauna a ƙasa, ba a kujera ba, na dafa daɓen jirgin da tafin hannuna duka biyu. A bushe yake. Muka tafi. Tsohon ya ba shi wuta, ya rage, ya karya kwana hagu da dama. Da muka kai tsakiya ya kashe inji ɗungurum, ya naɗe hannu. Sai ƙarar ruwa a jikin jirgi. Ya murɗa makulli, inji ya tashi. Ya sake kashewa, ya sake tayarwa. Sannan ya buɗe wani murfi a baya, ya kama hannuna ya cusa ciki don in ji da kaina. Ya kuma nuna mana abin da ya lalace ba mu tambaya ba: fitilar gaba ba ta kamawa, agogon mai yana ƙarya, sai an leƙa tanki da ido.

A hanyar komawa na ce wa yayana, "Wannan ya yi."

Ya ce, "Bari mu ga na Alhaji tukuna."

Alhajin nan mutumin Nijar ne, dillalin motoci, yana saye a gwanjo yana turawa gida ta Kwatano. Duk wanda ya san masallacinmu ya san shi. Shi ya sauki yayana a gidansa lokacin da ya zo ƙasar nan ba shi da kowa. Ni ma shi ya yi mini hanyar aikin sito inda nake loda kwalaye. Ban taɓa musun wannan ba, kuma ba zan musa ba. Gidansa yana Summerfield, can bayan gari, fili fetal, maƙwabtansa masu dawaki.

Jirgin yana bayan gareji an lulluɓe shi da tamfol. Da aka yaye sai da yayana ya yi salati. Jan layin yana ƙyalli, kujeru fes kamar ba a taɓa zama a kansu ba, ga rumfa ta kare rana, ga rediyo. Alhaji ya ce a gwanjo ya haɗo shi da wasu motoci, wani babban mutum a gida ya ce yana so, daga baya ya fasa. Ya sa aka jona wa injin tiyo na ban ruwan fulawa, aka tayar. Ya tashi da ƙara mai daɗi, hayaƙi kaɗan. Ba ƙarya, a kunne ya fi na tsohon.

Na hau ciki na yi tattaki. Can wajen baya na ji kamar daɓen ya ɗan lotsa ƙarƙashin dugadugina. Na sake takawa, ban tabbata ba. Ko jirgin ne, ko ƙafata ce, har yau ban sani ba. Abin da na sani shi ne, jirgi a kan ciyawa ba ya gaya maka komai. Na buɗe baki zan yi tambaya, yayana ya ɗora mini hannu a kafaɗa ya matse. Aka kawo shayi. Muka sha, muka yi godiya, muka fito.

Ko titi ba mu hau ba na ce, "Ka tambaye shi yaushe za a kai shi ruwa."

"Kai wane irin mutum ne? Alhaji zan ce wa a gwada kayansa?"

"Bature ka ce wa."

"Bature daban. Bature ba ya jin komai. Alhaji kuwa in na faɗa masa haka, ce masa na yi maƙaryaci, a cikin gidansa, shayinsa yana cikina."

"Ban ce maƙaryaci ba ne. Shi kansa bai san abin da ke cikin jirgin nan ba. A gwanjo ya saya, ya rufe da tamfol."

"Ka ji injin da kunnenka."

"A kan ciyawa na ji shi."

Ya bugi sitiyari ya ce ni matsalata ke nan, ban san kara ba, tun ina yaro bakina ba linzami. Ya ce wancan ƙazamin jirgin mai warin kifi zan sa matanmu a ciki da kayan Sallarsu? Ya ce me mutane za su ce in suka ji mun tsallake kayan Alhaji mun kai wa arne kuɗi? Na ce mutanen su ce abin da suka ga dama, ba su za su shiga ruwa nemo mini yaro ba. Wannan karar ita na tsana. Mutum ya ga abu da idonsa, ya haɗiye, don kada fuskar wani babba ta ɓaci. Mun ɗauko ta tun daga gida mun tsallako teku da ita, kamar ba mu da kayan da suka fi ta amfani.

Tsakiyar mako ya kira ni a waya, muryarsa sakayau. Ya ce ya yi wa Alhaji magana, ya yarda, ranar Lahadi bayan azahar za a kai jirgin tafkin da ke kusa da gidansa. Na ce madalla. Har na ji kunyar zafin da na yi masa. Ina da aiki da safe ranar, na ce zan same su can.

Na iso da kayan aiki a jikina. Tun daga wurin ajiye motoci na ga abin da ban gane ba. Motocin mutanenmu sun fi a ƙirga da hannu ɗaya. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyi, ga kuloli, ga ƙamshin dambu da soyayyen nama. Matar yayana ta hango ni ta ɗaga ludayi, da ma akwai wasa tsakaninmu.

"Ga angon jirgi ya iso! Mijina, haka za ka zo buki da takalmin lebura?"

Matata tana gefenta tana zuba zoɓo a kofuna. Na ce, "Me ya kawo ku? Ina yara?"

Ta dube ni da mamaki. "Yaya ne ya zo ya kwashe mu. Ya ce kun gama magana, kai ka ce mu riga ka."

Ta nuna bakin ruwa da haɓa.

Jirgin yana kan ruwa, an ɗaure shi a jikin gadar katako. A cike yake. Alhaji a gaban sitiyari da babbar riga da hula, yayana a gefensa, wasu dattawa biyu na masallaci a kujerun baya, sauran duk yara, wasu a cinyar wasu. 'Yata tana can gaba, an sa mata rigar ruwa ta manya wadda ta kai mata gwiwa. Ɗana yana cinyar babban ɗan yayana, ba komai a jikinsa sai singileti. Bayan jirgin ya zauna cikin ruwa sosai. Wani yana ɗaukar hoto.

Ban san lokacin da na isa kan gadar ba. Na sunkuya na cafko ɗana ta hammata na dire shi a kan katako. Na ce wa 'yata, "Fito." Ta fara magana da Turanci, wai Baba don Allah, wai sau ɗaya kawai. Na ce, "Fito, na ce." Ta fito tana kuka, tana tattake ƙafafun mutane.

Yayana ya miƙe, jirgin ya yi tangaɗi, ya koma ya zauna. Ya rage murya ya ce, "Kada ka tozarta ni a gaban mutane."

"Gwajin ke nan?"

"To ba ga shi a kan ruwa ba? Me kake so kuma?"

"Na ce ba yaro."

Alhaji ya juyo yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya. "Wane gwaji?" in ji shi. Ya dubi yayana. "Ba ka ce mini kun saya ba, yau a zo a sa albarka?"

Yayana ya sunkuyar da kai. A nan na gane bai taɓa yi wa Alhaji maganar gwaji ba. Ya rasa yadda zai faɗa, sai ya mayar da abin walima. Ya gaya wa Alhaji abu ɗaya, ya gaya mini wani, ya gaya wa matata na uku, ya ɗauki 'ya'yana ya cike ramin da su.

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ka taɓa saka jirgin nan a ruwa kafin yau?"

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Kai, yaro, da wa kake magana?" Ina da furfura a gemu a lokacin.

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Malam, ni zan kashe maka 'ya'ya? Ni? Jikana ga shi nan a ciki."

"Ban ce za ka kashe su ba. Tambaya na yi."

"Rai a hannun Allah yake."

"Haka ne. Su kuma waɗannan biyun a hannuna Ya ba ni ajiyarsu. A sauke yaran nan duka. Mu uku mu shiga, ni da kai da Yaya, mu je tsakiya mu kashe inji mu tayar, mu duba ko yana shan ruwa. In lafiya, ni da kaina zan ɗauko su in saka."

Na nuna musu ɗan farantin da ke manne kusa da sitiyari. Ban yi boko ba, amma na san lamba, tsohon Bature ya nuna mini irinsa a nasa jirgin, adadin mutanen da zai ɗauka ne. Ɗaya dattijon ya leƙa ya ce ai wannan lissafin Turawa ne masu ƙiba, yara ba a sa su a lissafi. Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba. Fuskarsa ta ɗaure, ya ce shi tun da yake ba a taɓa binciken kayansa a bainar jama'a kamar na ɓarawo ba, wanda zai sauka ya sauka.

Ba wanda ya sauka. Na dubi yayana na ce, "Sauke naka."

Ya ce, "Ka ɗauki naka. Nawa nawa ne."

Na ce, "Kai ba ka nan ranar da jirgi ya kife da mu. Ba ka ga komai ba."

"Uwata ce ni ma," in ji shi. "Kwance igiyar."

Ba ni na kwance ba, wani ne. Alhaji ya murɗa makulli, jirgin ya yi baya da ƙarfi ya bugi gadar, yara suka yi ihu, sannan ya samu kansa ya miƙa. Na cire takalmana na ajiye. Na miƙa wa matata waya da makullin mota. Na sauka gangaren har ruwa ya kai mini ƙwauri, na tsaya. Yaran yayana huɗu suna ciki, kuma duk a hannuna suka girma. Na san ko wani abu ya faru daga inda nake ba zan kai ba. Na tsaya dai.

Suka yi nisa har rumfar ta zama ɗan ɗigo. Can sai ƙarar injin ta ɗauke. Na ƙara taku biyu cikin ruwa. Matata tana kiran sunana daga baya. Sai iska ta kawo dariya, ashe tsayawa suka yi ɗaukar hoto. Inji ya tashi, suka zagayo suka dawo, kowa lafiya, yara suna waƙa.

Matar yayana ta yi guɗa. Ta ce, "Sarkin Ruwa, fito haka nan, kada kifi ya cinye mana kai!" Mutane suka kwashe da dariya. Aka jawo jirgin kan tirela, aka zare toshiyar baya, ruwa ya zubo. Kowane jirgi yana zubar da kaɗan, na tsohon ma ya zubar. Ko wannan ya fi yawa, ban tsaya dubawa ba. Na kwashi iyalina muka tafi, ko loma ban ci ba.

Na janye hannuna daga cinikin. Yayana ya saya shi kaɗai, Alhaji ya sassauta masa. Ni kaɗai ƙarfina bai kai na tsohon ba, kafin sanyi ya shigo na bi ta hanyar na ga babu allon, babu jirgin. Dattawan masallaci suka same ni bayan Juma'a suka ce in je in ba Alhaji haƙuri. Na je har gida. Na ce ya yafe mini ɗaga murya da na yi a gabansa. Ya jira sauran, babu sauran. Ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, bai sa an kawo shayi ba.

Jirgin bai taɓa nutsewa ba. Na faɗa don kada a ce na ɓoye. Sun yi ta zuwa tafki da shi wannan hutun, ba abin da ya same su. Mutane suna ganin wannan ya isa ya sa in ji kunya. Bai sa ba. Don abu ya ƙare lafiya ba shi ne ya nuna an yi daidai ba.

Asabar ta biyu bayan walimar, da hantsi, na ji hon a ƙofar gida. Yayana ne, ya aro a-kori-kura, jirgin yana bayansa ya tare rabin layi, ɗaliban maƙwabta sun fito suna kallo. Yaransa suna leƙowa ta taga suna kiran nawa. Na juya na ga 'yata har ta sa takalmi, tawul a kafaɗa, ta riƙe hannun ƙaninta. Matata tana tsaye a ƙofar kicin.

Na fita na tsaya a jikin tagar motar.

Ya ce, "To, ka gani da idonka, ya je ya dawo. Turo su."

Na ce, "A'a."

"Don me kuma yanzu?"

"Ka shiga gidana ba na nan, ka yi wa matata ƙarya da sunana, ka kwashi 'ya'yana ka kai su ruwa. Jirgin ya je ya dawo, na gani. Kai ne ban yarda da kai ba."

Ya ce, "Ni yayanka ne fa."

Na ce, "Na sani."

Ya ja mota, tirelar ta hau kan dakalin titi ta sauka da ƙara. Na koma ciki. 'Yata ta jefar da tawul ɗin a tsakar falo, ta faɗi wata magana da Turanci wadda uwarta ta ƙi fassara mini, ta shige ɗaki ta banko ƙofa. Har hutun ya ƙare ba ta gaishe ni da safe ba sai uwarta ta tilasta mata. Ranar dai ina jin ta ta bango, tana jifa da takalma, tana jan kujera, tana kuka tana tsaki. Matata ta ce in tashi in tsawata mata. Na ce ta ƙyale ta. Na zauna a falo ina saurare.